Shanu Arba'in da Takarda Ɗaya

Shekara huɗu da wata uku Bahodir ya yi yana tatsar shanun Evert Näslund a ƙauyen Lillmyra, kuma a duk tsawon wannan lokaci tsohon bai taɓa kiran sunansa daidai ba. Baddo yake ce masa. Tun Bahodir yana gyara masa har ya gaji ya bari. Ita kanta Nigora, matar Bahodir, in tana jin tsokana, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Baddo, abinci ya sauka."

Daga wani ƙauye kusa da Samarƙand Bahodir ya fito, inda ya buɗi ido a gindin saniya. Evert kuwa ya ba saba'in baya, matarsa ta rasu, 'yarsa tilo Ylva tana koyarwa can Uppsala, gona da shanu arba'in sun yi wa mutum ɗaya yawa. Shi ya cika takardun da suka kawo Bahodir Suwidin, tabarau a kan hanci, yana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro fom. Bayan shekara guda ya sake zama ya cika na Nigora da 'yarsu Zilola, ya ba su ƙaramin gidan da ke bayan rumbun ciyawa, inda iyayensa suka ƙare kwanakinsu.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma in ya buɗe baki sai ya ciji wani. Ƙarfe goma na safe da ƙarfe uku na yamma, ko sama za ta faɗo, sai an zauna shan kofi a ɗakin girkinsa.

"Wannan ruwan wankin kwanon da kake kira shayi, shi ya sa ka rame," in ji Evert.

"Wannan kwaltar da kake kira kofi, ita ta cinye maka gashin kai, tsoho."

"Gashina shanu suka lashe. Miƙo sukari."

Ranar Lahadi kuma shi ke zuwa gidansu cin osh ɗin Nigora, shinkafa da naman rago da karas. Kullum sai ya ce mai ya yi yawa, kullum kuma sai ya ƙara faranti na biyu.

Da shekara huɗu ta cika, a watan Agusta, Bahodir ya nemi izinin zama na dindindin. Evert ya sa hannu a wurin da mai ba da aiki ke sawa, ya ture takardar ya ce, "To shi ke nan, yanzu ba mu da hanyar rabuwa da kai." Daga nan sai jira. Ofishin shige da fice ba ya cewa ga rana. Wani wata uku, wani shekara, wani fiye. Abu ɗaya dai kowa ya sani: ranar da za su yanke hukunci, dole su tarar da mutum yana da aiki mai ɗorewa.

A tsakiyar Oktoba, ana tatsar yamma, Bahodir ya ji bokiti ya faɗi. Ya waiwaya ya ga Evert zaune a ƙasa tsakanin shanu biyu, fuska ta yi fari fat, yana dafe da ƙirji.

"Kada ka kira kowa," tsohon ya ce da ƙyar. "Santsi ne."

Bahodir ya riga ya kira motar asibiti.

Kwana shida Evert ya yi a asibitin Östersund. Likitoci suka ce zuciya ce, sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba shi ba garke. Ylva ta hau jirgin ƙasa ta zo. Mace ce doguwa mai kama da ubanta har a taurin kai, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. A gaban Bahodir, a teburin kofi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, a sayar da shanun nan. Na yi magana da masu saye, kafin Kirsimeti an gama."

"Babu ƙahon da zai fita daga gonar nan sai takardar Baddo ta zo."

"Takardar tana iya kai shekara!"

"To shanun ma suna iya kai shekara."

"Kai fa? Kai za ka kai?"

Evert ya ɗaga kofinsa ya kurɓa. Ylva ta juyo ta dubi Bahodir, ba da ƙiyayya ba, kallon dai wanda ke neman a taimake shi. Bahodir ya sunkuyar da kai yana juya cokali a cikin shayin da ba ya buƙatar juyawa.

Tun daga ranar, aikin mutum biyu ya koma kan Bahodir shi kaɗai. Bai damu da wannan ba. Abin da ya dame shi, tsohon ba ya zama. In an juya baya sai a gan shi da cebur yana tura ciyawa, yana tsayawa kowane taku goma ya jingina da bango kamar mai duba wani abu a rufi.

Farkon Nuwamba wasiƙa ta zo daga ofishin. Ba hukunci ba ne, tambaya ce: a aiko da shaidar cewa aikin yana nan kuma zai ci gaba. Bahodir ya ɗauke ta ya tafi wurin wata lauya a Östersund mai suna Soraya Lindh, wadda ta taɓa taimakon wani ɗan ƙasarsu. Ya zayyana mata komai, bai rage ba.

Ta ajiye alƙalami ta ce, "Zan faɗa maka gaskiya, ba zan shafa mata mai ba. Yau kana da aiki. Amma in mai gonar ya kwanta gobe, ko Allah ya yi masa rasuwa, 'yarsa ta sayar da shanun, ranar da suka buɗe fayil ɗinka ba ka da komai a hannu. Za su iya hana ka. Kai, da matarka, da 'yarka."

"Ya ce ba zai sayar ba."

"Na yarda da shi. Zuciyarsa ce ban sani ba ko ta ji alkawarin." Ta sake ɗaukar alƙalamin. "Ka wuce shekara biyun farko, ba a ɗaure kake da shi ba. Doka ta ba ka damar canza mai gida muddin sana'ar ɗaya ce. Ka samu wuri mai ƙarfi, ka aika musu da sabuwar yarjejeniya. Ni dai da ƙanena ne, abin da zan ce masa ke nan."

A hanyar komawa, kilomita saba'in cikin daji da dusar ƙanƙara, bai kunna rediyo ba.

Akwai wani abokinsa, Jahongir, da ke aiki a wata babbar gona can kudu, a Halland, mai shanu ɗari tara. Da Bahodir ya kira shi, ko gama bayani bai yi ba ya katse shi.

"Kai, Allah ne ya kawo ka! Mutum ɗaya ya bari makon jiya. Aiki na dindindin, da gida. Amma ɗaya ga Disamba suke son a fara. Ka turo takardunka yau."

"Bari in yi tunani."

"Tunanin me? Ubanka ne?"

Da dare Bahodir ya kai wa Nigora maganar.

Nigora ta saurare shi tana murza ƙullun burodi, ba ta ɗago ba sai da ya gama.

"Baban Zilola, ni ma ina son tsohon nan. Wa ya koya mini tuƙi? Wa ya zauna da ni a asibiti lokacin da ciki ya zube, kai kana garke? Amma yarinyar nan ajinta uku. Da harshen ƙasar nan take mafarki. In aka mayar da mu, me za ka ce mata?"

"In na tafi, babu mai tatsa. Dole ya sayar."

"In ya sayar sai ya je a yi masa aikin. Kana ganin zamanka taimakonsa yake yi? Saboda kai yake kashe kansa."

"Saboda ni. Shi ya sa ba zan iya ba."

"Sabo turken wawa," ta ce a hankali, sai kuma hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu, gari ya ɓata mata kunci.

Ya tura takardun. Bayan kwana uku aka yi masa tambayoyi ta waya, yana zaune cikin mota a bakin kantin gari, ya ce wa Evert ya je sayen gishirin shanu. Suka ce sun ɗauke shi. Ya sa hannu, lauya ta aika wa ofishin.

Saura ya faɗa wa tsohon. Kullum in ya nufi ɗakin girki ƙarfe goma sai ya ce yau. Kullum sai ya fito bai faɗa ba. Ranar da ya fi kusa da buɗe baki, Evert ya riga shi.

"Asibiti sun ba ni ranar aikin zuciya, sha biyu ga Disamba. Na ce musu su ba wani. Sai bazara."

"Evert, bai kamata ba."

"Wa ya tambaye ka? Ci biskit."

Ya ci biskit ɗin. Kamar yashi ya ji shi a baki.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana ɗauke da maganar. A na sha biyu, yana wanke injin tatsa da rana, sai ya ji takun tsohon a bayansa. Evert ya tsaya yana shafa wuyan wata tsohuwar saniya mai suna Gullros, bai dube shi ba.

"Wata mata ta kira ni daga Halland."

Ruwa yana ta zuba daga tiyo a kan takalmin Bahodir, bai ji ba.

"Tana tambaya wai kai mutumin kirki ne. Ka'idarsu ce, sai sun ji daga bakin tsohon mai gida." Ya ci gaba da shafa saniyar. "Na ce mata shekara hamsin ina wannan sana'a ban ga mai hannu irin naka ba. Na ce kana gane saniya za ta yi ciwo tun ita ba ta sani ba. Na ce shayinka ne kawai abin ƙi."

"Evert, wallahi na so in faɗa maka."

"Kashe ruwan nan."

Ya kashe. Garken ya yi tsit, sai ƙarar tuƙar shanu.

"Daidai ka yi," in ji tsohon. "Da ina wurinka, da 'ya ƙarama, haka zan yi. Ba wannan ba ne." Sai yanzu ya juyo. "Kwana nawa?"

"Sha biyu."

"Kwana sha biyu kana zaune a teburina. Kana ji na ina ba da ranar asibitina, ka yi shiru kana cin biskit. Me ka ɗauke ni, Baddo? Ka zaci zan riƙe ka? Zan kira ofishin in ɓata maka?"

"A'a. Kunya ce."

"Kunya." Evert ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa sunan wata cuta da bai sani ba. "Ni da baƙuwa ce ta faɗa mini a waya, me zan kira tawa?"

Ya juya ya fita a hankali, yana dafa turaku. Ƙarfe uku Bahodir ya je ƙofar ɗakin girki ya tarar da ita a rufe. Bai ƙwanƙwasa ba.

Da yake babu mai tatsa bayan tafiyarsa, dole shanun su riga shi barin gonar. Ylva ta dawo ta shirya komai cikin mako guda. Ranar ashirin da takwas ga Nuwamba manyan motoci uku suka shigo, biyu na manoman da suka sayi masu ƙuruciya, ɗaya ta mahauta. Shanun ba su yarda da baƙi ba, suka yi ta turjiya a bakin katakon hawa. Ƙarshe dai Bahodir ne ya riƙa shiga yana kamo su ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu magana da harshen garinsu kamar yadda ya saba, su kuwa suna biyo shi saboda sun san muryar. Wannan ya fi komai ci masa rai: da amanar da suka ba shi ya loda su.

Evert ya kifa bokiti a bakin garke ya zauna, hula har kunne. Duk wadda ta wuce sai ya faɗi sunanta, da sunan uwarta, wani lokaci har da kakarta. Ba wanda yake faɗa wa. Da aka zo kan Gullros da sauran tsofaffi shida da za su motar mahauta, sai ya tashi ya shige gida.

Washegari da za su tafi, Nigora ta kai masa tukunyar osh. Ya karɓa, ya sumbaci Zilola a ka, ya ba ta wata tsohuwar ƙararrawar saniya. Bahodir ya miƙa masa hannu. Tsohon ya riƙe, ya ɗan jima.

"Hanya da santsi bayan Sveg. Kada ka yi gudu."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Gonar Halland ba ta da laifi. Gida mai ɗumi, aiki da lokacinsa, hutu kowane mako biyu, abin da Bahodir bai taɓa samu ba. Inji ne ke tatsa da kansa, shi nasa ya duba allo ya ga lamba ta nawa ce ba ta ci abinci ba. Shanun lamba gare su. Jahongir ya yi ta jan sa da wasa, "Ka saki fuska mana, kai da ka fito daga daji ka shigo gari!" Yakan yi murmushi don kada abokin ya ji babu daɗi. Sau uku ya kira Evert. Sau ɗaya aka ɗauka, suka yi maganar sanyi da hanya, minti biyu.

Mako biyar da komawarsu, bakwai ga Janairu, wasiƙar ta iso. An ba su izinin, su ukun. Nigora ta zauna a kan matakala tana kuka tana dariya. Bahodir ya karanta sau biyu, sannan ya fita waje ya kira lauyar.

"Barka!" ta ce. "Ka ga abin da na faɗa maka."

"Ina da tambaya. Mako biyar ne kawai. Da na zauna a Lillmyra, da sun ba ni?"

Ta ce, "Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma sabuwar yarjejeniyar ce ta sa suka yi sauri. Ba sa faɗa, Bahodir. Ba wanda zai iya gaya maka."

Ya kira lambar Evert don ya ba shi labari. Ylva ce ta ɗauka. An yi aikin zuciyar kafin sabuwar shekara, in ji ta, kuma ya yi kyau. Kwana huɗu bayan nan jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi sai kaɗan. Yana gidan kula da tsofaffi a Östersund.

Ranar Asabar ya kama hanya, awa goma sha ɗaya a mota. Ya tarar da tsohon a keken marasa lafiya kusa da taga, an aske masa gemu, an sa masa wata rigar sanyi mai tsabta da ba ta yi kama da shi ba. Hannayen nan da suka yi kaushi kamar ɓawon itace sun fara laushi.

Bahodir ya durƙusa a gabansa ya ɗora masa wasiƙar a cinya. "Ta zo, tsoho. Mu duka uku."

Evert ya daɗe yana kallon takardar. Ya sa hannun hagu ya shafa ta, ya daidaita inda ta lanƙwashe. Bakinsa ya yi ta motsi, yana kokawa da wata kalma, jijiyar wuya ta tashi. Da ƙyar ta fito.

"Kyau."

"Ka yafe mini. Da na faɗa maka tun ranar farko."

Tsohon ya ɗaga hannun ya ɗora masa a ka, da nauyi, kamar yadda yake dafa maraƙi. Ko yafewa ce, ko gajiya ce ta sa hannun ya sauka a nan, Bahodir bai sani ba. Suka zauna haka har ma'aikaciya ta shigo da magani.

Ylva tana jiransa a baranda, riƙe da kofin takarda.

"Ka san na yi ta fatan ka tafi?" ta ce. "Ranar da ya gaya mini ka samu wani wuri, har rawa na yi a ɗakin girkina. Yanzu kuma in na gan shi haka sai in ji haushinka. Na san ba daidai ba ne."

"Ni ma ina jin haushin kaina."

"Likita ya ce da ya kai bazara bai yi aikin ba, da a garke za a tsince shi. Na riƙe wannan. Kai ma ka riƙe, in zai yi maka amfani." Ta murƙushe kofin. "Ni dai bai cika yi mini ba."

Sau biyu ya sake zuwa kafin ƙanƙara ta narke. A zuwa na biyu Evert barci yake yi, bai farka ba har lokacin ziyara ya ƙare. Ya rasu a ƙarshen Afrilu. Bahodir da Nigora suka je jana'iza a ƙaramar cocin Lillmyra, suka zauna a layin baya, amma Ylva ta taso ta kamo hannun Nigora ta kai su gaba, wurin dangi, inda babu kowa sai ita da wani ɗan'uwan marigayin mai jin magana da ƙyar.

Wasu mutanen Holan suka sayi gonar, suna zuwa hutu lokacin zafi. Bahodir yana Halland har yanzu, an ɗora shi a kan sashen maruƙa, Nigora kuma ta samu aiki a ɗakin girkin makarantar Zilola. Da izinin da ke hannunsa yana iya aiki duk inda ya ga dama, a kowace sana'a, ba sai ya sanar da kowa ba. Sau biyu aka yi masa tayin wuri mafi kyau. Bai je ba.